Gemun maƙwabci ya kama wuta: buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastoci da dattawan Kiristocin Arewa mazauna Birtaniya

Iyayena fastoci, dattawan ikilisiya, iyaye mata na zumunta, da dukan 'yan'uwa 'yan Arewa da karatu ko neman abinci ya kawo ƙasar nan, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aikin Ubangiji, yaya iyali, yaya kuma fama da sanyi?

Ni 'yarku ce, haifaffiyar ƙasar Zazzau, ma'aikaciyar jinya a wani gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila. Ban yi makarantar tauhidi ba, ban kuma saba tsayawa gaban manya in yi dogon bayani ba. In na yi kuskure a lafazi ku yafe mini. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma abin da zan faɗa ya daɗe yana hana ni barci.

Cikin waɗanda nake kula da su akwai wata tsohuwa da ta haura shekara 90. Ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta har ba ta gane 'ya'yan da ta haifa. Wani dare cikin hunturun da ya wuce ta kasa runtsawa, tana ta neman sauka daga gado, wai za ta tafi gida wurin mahaifiyarta. Na zauna kusa da ita na riƙe hannunta. Ban san abin da zan ce mata ba, sai na shiga rera wata waƙar sujada a hankali, da Hausa, irin waɗanda muka tashi da su tun muna makarantar Lahadi. Ban kai ƙarshen baitin farko ba na ji ta karɓa da Turanci. Karin ɗaya ne, domin daga wurinsu ya je mana. Ta rera baiti huɗu cif ba ta yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Da muka gama ta haɗa tafin hannuwanta, ta karanta Addu'ar Ubangiji daga farko har Amin, ta juya ta yi barci.

Abokiyar aikina a daren yarinya ce 'yar garin, shekararta 20, tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonmu. Da muka fito ta tambaye ni da zuciya ɗaya, wai wancan abin da tsohuwar ta karanta a ƙarshe, wane ne ya rubuta shi? Addu'ar Ubangiji take nufi. Yarinyar kirki ce, ta fi da yawa daga cikinmu haƙuri da tsofaffi, kuma ba gaba take yi da Allah ba. Ba a taɓa gaya mata ba ne. Kakarta ta haddace, uwarta ta ji ana yi, ita ko labarin bai iso ta ba. Gari ɗaya, unguwa ɗaya, hasumiyar coci ɗaya suke wucewa kullum.

Na san kun ji alƙaluman, amma bari in maimaita su don mu tsaya a kan magana ɗaya. A ƙidayar 2001 kusan kashi 72 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ce su Kirista ne. A 2011 suka koma kashi 59.3. A 2021 suka sauko kashi 46.2, karo na farko ke nan da suka gaza rabi. Waɗanda suka ce ba su da addini sun tashi daga mutum miliyan 14.1 zuwa miliyan 22.2 cikin shekara 10 kacal. A Sikotilan, ƙidayar 2022 ta nuna marasa addini sun haura rabin jama'a. Wannan ma lissafin masu amsa sunan ne kawai. Masu zuwa sujada a Cocin Ingila a kowane mako sun daɗe da yin ƙasa da miliyan ɗaya, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 56, alhali cocin na da gine-gine wajen 16,000.

Baƙo ba zai gane haka da wuri ba, domin rumbun yana nan tsaye da adonsa. Sarki shi ne shugaban Cocin Ingila. Duk mun kalli yadda aka shafe Sarki Charles da mai a majami'ar Westminster ranar 6 ga Mayu 2023. Bishop-bishop 26 suna da kujeru a majalisar dattawan ƙasar. Ku duba sulen da ke aljihunku, akwai haruffan da ke cewa sarki yana mulki da alherin Allah, kuma shi ne mai kāre bangaskiya. Tun 1944 doka ta wajabta sujada kowace rana a makarantun gwamnati, dokar 1988 ta ƙara da cewa mafi yawanta ta kasance ta Kirista. Dokar tana nan ba a soke ta a Ingila ba, sai dai makarantu da yawa, musamman na sakandare, sun daina bi, ba kuma mai tambaya. Sai ka buɗe rumbun za ka tarar hatsin ya kusa ƙarewa.

Bukukuwan ma suna nan da sunayensu. Tun watan Oktoba kantuna ke fara shirin Kirsimeti. Makonni huɗu na jiran zuwan Mai Ceto sun zama kwalin cakulan mai ƙananan tagogi, yaro ya buɗe ɗaya kowace safiya. Ista ta zama ƙwan cakulan da hoton zomo da hutun kwana huɗu. Talatar da ake furta zunubi kafin shiga azumin kwana 40 yanzu ranar cin fanke ce, ba kowa ya san me ke biyo bayanta ba. Lahadin da 'yan aikatau kan sami izini su koma cocin da aka yi musu baftisma, su ga iyayensu, ta zama ranar sayen kati da furanni. Litinin ta bayan Fentikos hutun ƙasa ce tun 1871, lokacin ne ikilisiyoyin Manchester da kewaye kan fito jerin gwano da tutoci da 'yan badujala, yara sanye da sababbin kaya. Dokar 1971 ta ɗauke hutun daga Fentikos ta kai shi Litinin ta ƙarshen Mayu. Hutun ya tsira, dalilinsa ya ɓata.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne mutuwa. Aure dai an daɗe da sanin inda ya dosa: tun 1992 auren rajista ya fi na wurin ibada yawa, yanzu na wurin ibada bai kai ɗaya cikin biyar ba. Amma jana'iza fa? A falon gidan da nake aiki, talabijin na kunne duk yini, kuma kullum sai an nuna tallar kamfanonin da ke ɗaukar gawa su ƙona ta ba tare da kowa ya halarta ba. Ba addu'a, ba waƙa, ba zaman makoki, sai a kawo wa iyali tokar a cikin ɗan tulu. Tsofaffin da aka yi wa baftisma suna jarirai, aka ɗaura musu aure a gaban bagadi, suna zaune suna kallon wannan talla, wasu har suna cewa gara haka, kada su ɗora wa 'ya'yansu nauyi. Ni da na taso inda in an yi rasuwa matan zumunta kan kwana suna waƙa a gidan makoki, maƙwabta Musulmi suna shigowa gaisuwa da kwanukan abinci, har yau zuciyata ba ta saba da wannan ba, kuma ba na roƙon ta saba.

Iyayena, in mun haɗu bayan sujada mukan yi wannan hirar, mu girgiza kai, mu ce Turawa sun bar Allah. Mukan kawo labarin majami'un da aka sayar. Gaskiya ne an sayar. A Bristol akwai tsohuwar majami'ar St Werburgh da ta zama wurin koyon hawan bango. A Nottingham akwai babban ɗakin sujada da ya zama mashaya, tagoginsa masu zanen launi suna nan ana shan giya a ƙarƙashinsu. Wasu sun zama gidajen haya. A 2019 an kafa filin wasan golf na yara a tsakiyar babbar majami'ar Rochester, an kuma kafa abin sulun yara a ta Norwich, duk don a jawo mutane su leƙo. Amma ginin shi ne na ƙarshe da ke mutuwa. Kafin a kulle ƙofar coci, an yi shekaru da daina addu'a a kan abinci a gidajen unguwar. An daina durƙusawa da yara kafin barci. Makarantar Lahadi, wadda Robert Raikes ya yaɗa daga Gloucester tun 1780, wadda a farkon ƙarni na 20 fiye da rabin yaran ƙasar ke zuwa, ta watse sannu a hankali da iyaye suka sami mota da talabijin da wuraren zuwa. Ba wanda ya tashi rana ɗaya ya kore ta. Wannan Lahadin an yi baƙi, waccan an je bakin teku, ta gaba an gaji. Yau da gobe ce ta cinye ta.

Ita kanta ranar Lahadi sai da aka yi kokawa a kanta. A 1974 aka fara buga manyan wasannin ƙwallo ranar Lahadi. A 1986 gwamnatin Margaret Thatcher, da duk rinjayenta, ta kawo ƙudurin buɗe kantuna ranar Lahadi, majalisa ta kayar da shi, har da ƙuri'un 'yan jam'iyyarta. Shekara 8 bayan haka, a 1994, dokar ta wuce, manyan kantuna suka sami izinin buɗewa na awa 6. Yaron da aka haifa bayan wannan shekara bai taɓa ganin Lahadin da gari ya yi tsit ba.

Akwai kuma laifin ikilisiya kanta, kuma ba daidai ba ne mu tsallake shi don muna jin kunya. Rahoton hukumar bincike da ya fito a 2020 ya nuna Cocin Ingila ta daɗe tana fifita kāre sunanta a kan kāre yaran da aka ci zarafinsu. A Nuwamba 2024 Akbishop na Canterbury, Justin Welby, ya yi murabus bayan rahoton da ya tona yadda aka rufe ta'asar John Smyth, wanda ya azabtar da samari a Ingila, aka bar shi ya tafi Zimbabuwe ya ci gaba. Uwar da ta karanta wannan ta hana ɗanta zuwa coci, da wane baki za mu ce mata ta yi laifi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ina kuma roƙonku da babbar murya, ku tsawata wa masu cewa Musulmi ne suka cinye Ingila. Na ji wannan magana a bakin 'yan'uwanmu, na kuma gan ta tana yawo a WhatsApp. Musulmi kashi 6.5 ne a ƙidayar 2021. Miliyoyin da suka bar coci ba masallaci suka nufa ba, gida suka zauna. Masallacin Brick Lane da ake yawan kafa misali da shi, Furotestan 'yan gudun hijira daga Faransa ne suka gina shi a 1743, ya zama na Methodist, ya zama majami'ar Yahudawa a ƙarshen ƙarni na 19, sai a 1976 ya zama masallaci. Kowane rukuni ya tashi da ƙafarsa kafin na gaba ya shigo. Raunukan Kaduna da Jos na gaske ne, da yawa a cikinmu mun binne namu, amma kada mu ɗauko su mu ɗora a kan maganar da ba tasu ba. Kada kuma mu yarda masu ɗaga gicciye a zanga-zangar ƙin baƙi su yi amfani da mu, domin mu ma baƙin ne. Ni abin da nake gani a layinmu shi ne, da ƙarfe 5 na yamma, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, maƙwabciyata Musulma tana tafe da 'ya'yanta uku zuwa makarantar allo ta masallacinsu, bayan sun yini a boko. Ita ma aiki take yi kamar ni. In na gan ta ta taga, kaina nake tuhuma.

To ga inda maganar ta dawo kanmu. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na Turawa.

Da yawa cikinmu mun shigo ne bayan da aka buɗe bizar masu aikin kula da tsofaffi a 2022, wasu kafin nan ta hanyar jinya ko karatu. Kowa ya san nauyin da ke kanmu: kuɗin haya, kuɗin sabunta takardu, kuɗin makarantar ƙanne, maganin iyaye, ginin da aka fara a gida. Kowa kuma ya san aikin Lahadi ya fi na Talata kuɗi a wurare da yawa. Ciwo bai san Lahadi ba, Ubangijinmu ma ya warkar a ranar Asabar, don haka wanda layin aiki ya faɗo kansa ba shi da laifi. Amma akwai wanda ya faɗo kanka, akwai wanda ka miƙa hannu ka ɗauka. Ni na taɓa jera Lahadi bakwai ina karɓar ƙarin aiki da hannuna. A ta takwas na ce wa ɗana, mai shekara 11, ya shirya mu tafi sujada, sai ya dube ni ya ce ya ɗauka mun daina. Ba rashin kunya ya yi mini ba, abin da ya gani ya faɗa. A daren na ce ya yi mana addu'a a kan abinci, ya fara da Hausa ya kakare, ya koma Turanci ya kakare. Yaron da kakarsa ta goya zuwa addu'ar asuba kafin ya iya tafiya. Abin da ya ɗauki Turawa zuriya uku, a gidana ya nemi ya faru cikin shekara uku.

Ku dubi yadda muke sujadarmu a nan. Mun kama hayar ɗakin taro ko tsohon sito a bayan gari. Mukan yi awa uku, wani lokaci huɗu, da waƙa da rawa da sanarwa da baiko kashi-kashi, mu manya muna jin kamar muna gida, kuma wannan daɗin ba laifi ba ne ga wanda ya yi mako yana jin kansa bare. Yaran fa? Suna ɗakin baya da biskit da waya a hannu, wata 'yar shekara 15 tana gadinsu. Ranar Litinin za su koma ajin da in yaro ya ce yana zuwa coci sai a dube shi kamar ya zo da wani abin mamaki. Malami zai koya musu asalin halittu, abokai za su tambaye su me ya sa Allah ya bar yaƙi da ciwon daji, me coci ke cewa game da aure da jinsi. In sun kawo tambayar gida sai mu ce su rufe mana baki, ko mu ce Shaiɗan ne. Yaron da aka hana tambaya a gida zai kai ta inda za a amsa masa, kuma wayarsa ba ta taɓa ce masa ya yi shiru ba. Yana cika 18 ya tafi jami'a, shi ke nan, sai Kirsimeti in ya zo don ya faranta wa uwarsa.

Kada mu ruɗi kanmu da cewa mu ai masu zafin bangaskiya ne. A 1904 aka yi babbar farkawa a Wales, a ƙarƙashin wa'azin wani saurayi mai haƙar kwal, Evan Roberts. An ce mutum wajen 100,000 suka tuba cikin 'yan watanni, ɗakunan sujada suka cika har waje. A shekarar nan ce Karl Kumm da abokan tafiyarsa na mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) suka taso daga Birtaniya suka isa Wase, a Jihar Filato ta yau. Yau a Wales marasa addini sun fi Kirista yawa, ɗakunan sujadar nan da yawa sun zama kango ko gidajen kwana. Littafin Mahukunta sura 2 ya ba da labarin tsarar da ta taso bayan Joshuwa ba ta san Ubangiji ba, ba ta kuma san abin da ya yi wa Isra'ila ba. Iyayensu sun ga ruwan Kogin Urdun ya tsaya da idonsu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Akwai kuma bashin da ke wuyanmu, wanda ban ji muna ambatonsa ba. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasarmu. Cikin shekara guda Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. A 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci ayari har Kano, Sarki Alu ya sallame su, suka dawo Girku, a can suka binne ɗaya daga cikinsu. Likita Walter Miller, da ke cikin wannan ayari, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, kafin mishan ta koma Wusasa wajen 1929, inda aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa, tana nan har yau. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Asibitin Vom, makarantun Gindiri, ƙungiyar Boys' Brigade da aka kafa a Glasgow a 1883 wadda 'ya'yanmu a gida ke maci da kakinta har gobe, bikin godiya na kaka da muke kai dawa da doya da kaji gaban bagadi, duk ta hannun mutanen nan suka zo. Na san tarihin mishan yana da tabonsa, akwai raini a ciki, akwai tafiya kafaɗa da kafaɗa da mulkin mallaka a wurare da dama. Amma kuɗin da ya biya jirgin da yawa daga cikin waɗannan mutane, sulalla ne da talakawa masu aikin masaƙa da ramin kwal suka riƙa jefawa a akwatin mishan, a irin ƙananan majami'un da yanzu ake sa wa kwado. Tsohuwar da na ba ku labarinta ta taɓa gaya mini, a wata rana da hankalinta ya dawo, cewa tana yarinya akwai irin wannan akwati a kan tagar gidansu.

Saboda haka abin da nake roƙo na farko, mu shiga majami'un unguwanninmu. Ban ce a rushe zumuntarmu ta Hausa ba, ina ƙaunarta, a can nake kuka in yi dariya da harshen uwata. Ana iya mayar da ita yamma, ko sau biyu a wata. Amma abin ciwo ne a ce muna biyan hayar sito da tsada, alhali taku kaɗan daga ƙofarmu akwai majami'a mai shekara ɗaruruwa, da tsofaffi 12 a ciki suna fama da kuɗin ɗumama ɗaki, suna jiran ranar da za a ce an rufe. Na fara zuwa ta unguwarmu tun bayan Ista. Ba zan ɓoye muku ba, makonnin farko sun yi mini nauyi. Waƙar a sanyaye take, an gama komai cikin awa guda, wasu sun yi mini murmushi daga nesa ba su matso ba. Na san kuma akwai 'yan Afirka da 'yan Karebiyan da suka zo tun shekarun 1950 aka nuna musu ƙofa a irin waɗannan majami'u, shi ya sa suka kafa nasu. Amma a mako na biyar wata dattijuwa ta riƙe hannun ɗana ta tambaye shi ko zai karanta Zabura ranar Lahadi mai zuwa. Ya yi mako yana bita a ɗaki. Tun da suka rasa yara a cocin an yi shekaru, yanzu in bai zo ba sai sun bugo waya. Janar Yakubu Gowon, ɗan Wusasa, a shekarun da ya zauna a ƙasar nan bayan an hamɓarar da shi a 1975, cocin unguwarsu a arewacin Landan ya shiga, har ya riƙe muƙamin dattijon coci. Irmiya ya gaya wa waɗanda aka kai Babila su nemi lafiyar birnin da suke zaune, domin lafiyarsu tana cikin tasa.

Ku fastoci, ku yi mana wa'azi a kan Lahadi da kuɗi, ko da za mu ji zafi. Ku tambaye mu Lahadi nawa muka sayar a wata. Ku sanar da masu aikin kanti cewa doka ta ba su damar rubuta takarda su fita daga aikin Lahadi bayan sanarwar wata uku, da yawa ba su sani ba. Mu masu jinya ba mu da wannan damar, amma muna iya musanya da juna, muna kuma iya ƙin abin da ba dole ba. In kuma ikilisiya tana auna mutum da kaurin ambulan ɗin da ya kawo, to ita ce ke tura shi ƙarin aiki. A rage yawan baiko na musamman, a bar iyaye su zauna da 'ya'yansu.

Makarantar Lahadi kuwa a ba ta mafi iya koyarwa a cikinmu. Muna da malamai da likitoci da masu digirin kimiyya a kan kujeru, su zauna da matasa su amsa tambayoyinsu da Turancin da yaran ke tunani da shi, in ba su san amsa ba su ce za su bincika. A tantance duk mai aiki da yara kamar yadda dokar ƙasar ta tanada, kuma ranar da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, kada a ce za a kashe maganar a cikin gida. Mun ga inda wannan hanya ta kai waɗanda suka fi mu daɗewa.

Iyaye mata, sauran aikin namu ne, kuma ba ya bukatar kwamiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Minti 10 kafin barci, aya ɗaya, waƙa ɗaya ta Hausa tare da fassara ma'anarta don kada ta zama surutu a kunnen yaro, Addu'ar Ubangiji da harsuna biyu har ta zauna. In kina aikin dare, ki kira ta waya lokacin hutunki ku yi tare. Abin da ya rage a kan tsohuwar nan bayan ciwo ya share sunayen 'ya'yanta, wani ne ya zauna ya dasa mata shi tana 'yar shekara biyar.

Ta rasu a watan Yuni. An yi mata sujada a majami'ar da aka yi mata baftisma, mu tara ne a ciki har da fasto da mai kiɗan coci. Da aka ɗauko waƙar nan, muryoyin ba su kai su cika ko layin gaba ba, sai na rera da Hausa da iyakar ƙarfina.

Akwai irinta da yawa a gidajen tsofaffi na kowane gari da muke zaune, kuma yawancin gidajen suna maraba da masu zuwa yi musu waƙa in an nemi izini tun da wuri. Ina roƙon shugabannin zumuntar mata su sa wannan a ajandar taronsu na gaba, kowane reshe ya ɗauki gida ɗaya, sau ɗaya a wata, a zo da yara. A namu gidan ranar Alhamis da ƙarfe 2 na rana ake tara su a falo, kuma na riga na yi magana da shugabar wurin, ta ce ƙofa a buɗe take.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

'Yarku cikin Almasihu,
wata ma'aikaciyar jinya daga ƙasar Zazzau, mazauniyar arewacin Ingila